Yarinya ta tambaye ni: me ya sa Allah bai yafe kawai ba, sai da aka gicciye Yesu?

Malama_Saratu
Salama a gare ku 'yan'uwa. Ina koyar da yara 'yan shekara 9 zuwa 12 a makarantar Lahadi a nan Samaru. Lahadin da ta wuce muna shirin Ista, na karanta musu Markus sura 15. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ranar da na fasa fulas ɗin Mama na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, ko kaza ba a yanka ba. Allah bai fi Mama tausayi ba? Me ya sa shi sai da Yesu ya mutu?" Na ce mata hakkin zunubi mutuwa ne. Ta gyaɗa kai, amma na ga a idonta maganar ba ta shiga ba. Na yi mata alkawarin amsa Lahadi mai zuwa. Iyayena da yayyena, ku taimaka mini, don tambayar ta hana ni barci.

Danladi_PZ
Ibraniyawa 9:22. In ba a zub da jini ba, babu gafara. Amsar ke nan, Malama.

Malama_Saratu
Na san ayar, Yaya Danladi. Ita abin da take tambaya shi ne me ya sa haka. In na ce mata haka aka rubuta za ta yi shiru, amma ba don ta gane ba.

Baba_Kufena
'Yata Saratu, yarinyar nan ta riga ta ba ki amsar a cikin tambayarta. Ki koma ki tambaye ta, wa ya sayi sabon fulas? Ba ita ba. Uwar da ta ce ta yafe, ita ce ta kwance bakin zaninta.

Shekara 31 na yi ina aikin kanikanci. Wata rana yarona ya juye baƙin mai daga Fijo 504 ta wani mutum, ya manta bai zuba sabo ba, ya tayar da mota. Kafin a kai Kwangila inji ya buga. Uban yaron ya zo gareji da yamma, dattijo ne ya girme ni, ya durƙusa a cikin ƙasa mai baƙin mai yana roƙo. Na ɗaga shi na ce na yafe, kuma har ga Allah na yafe. Amma kalmar bakina ba ta gyara inji ba. Mai mota yana jiran motarsa. Babur ɗina na sayar na biya, na yi wata takwas ina zuwa aiki a ƙasa daga Wusasa. Yaron bai biya ko kwabo ba, shi a wurinsa gafarar kyauta ce. Ni na san nawa ta ci.

Tun daga ranar nan, in na karanta 2 Korantiyawa 5:19, inda Bulus ya ce Allah ne cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa, ba ya lissafa musu laifofinsu, babur ɗin nan nake tunawa. Ɓarna in ta auku dole ta faɗa kan wani. Allah ya ce ta faɗa kaina.

Rifkatu_Hanwa
Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Wannan ko ni babba ta shige ni.

Katikis_Luka
Abin da Baba ya faɗa daidai ne. Zan ƙara tushensa daga Tsohon Alkawari, don yara sukan ji kalmar hadaya ba su san yadda ake yinta ba. A Littafin Firistoci sura 16, sau ɗaya a shekara, Ranar Kafara, ana kawo bunsuru biyu. Ɗaya a yanka, babban firist ya shiga da jininsa bayan labule, Wuri Mafi Tsarki, inda ba mai shiga sai shi, shi ma sai ranar. Na biyun kuwa ya ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya furta zunuban jama'a duka, a kora shi jeji. Ɗaya yana nuna wankewa, ɗaya yana nuna ɗaukewa. Sura 17 aya 11 ta faɗi dalilin jini: rai yana cikin jini, kuma Allah ya ce ni na ba ku shi a kan bagade. Ku lura da wannan, shi ya bayar. Ba toshiyar baki ba ce mutane suka ƙirƙiro don su lallashe shi.

Amma Ibraniyawa 10:4 ta ce jinin bijimai da na awaki ba zai iya kawar da zunubi ba. Shi ya sa ake maimaitawa kowace shekara. Firistoci kullum a tsaye suke, aiki bai ƙare ba. Almasihu ya miƙa hadaya ɗaya, ya zauna. Malama, a cikin surar da kika karanta musu, aya 38, labulen Haikali ya tsage daga sama har ƙasa. Ki nuna musu wannan ayar.

Ladi_Kongo
Ku yi mini haƙuri iyayena, ni Kirista ce tun haihuwa, amma ina karatun lauya kuma akwai inda nake tuntuɓe. Misalin Baba na bashi ne. Bashi kowa na iya biya wa wani, doka ta yarda. Hukuncin laifi kuwa ba haka yake ba. In mutum ya yi kisa, ƙaninsa ya zo ya ce a rataye ni a madadinsa, ba alƙalin da zai karɓa, in ya karɓa ma zalunci biyu aka yi: mai laifi ya tsira, marar laifi ya mutu. To Ishaya 53:5 ta ce an soke shi saboda laifofinmu, horon da ya kawo mana salama a kansa yake. Wannan maganar hukunci ce, ba ta bashi ba. Ta yaya ya zama adalci?

Danladi_PZ
Ƙanwata, kada boko ya raba ki da bangaskiya.

Fasto_Ishaya
Danladi, bar ta ta tambaya. Wanda ke tambayar hanya ba ya ɓata. Ladi, abu uku zan ce, ko da ba za su rufe bakin tambayar duka ba.

A misalinki, ƙanin wani mutum ne na uku, alƙali daban, wanda aka cuta daban. A gicciye, wanda aka yi wa laifin da alƙalin da wanda ya ɗauki hukuncin duk Allah ɗaya ne. In Yesu wani bawan Allah ne kawai da aka kamo aka ɗora wa laifin mutane, to gaskiyarki, zalunci ne. Shi ya sa koyarwar gicciye ba ta tsayawa in an cire allahntakar Almasihu.

Sannan ba a tilasta masa ba. Yahaya 10:18, ba mai karɓe raina, ni nake ba da shi don kaina.

Na uku shi ne wanda muke yawan mantawa a wa'azi. Bai tsaya daga nesa ya ce a buge ni a sake su ba. Ya zama ɗayanmu, mu kuma ta bangaskiya muka zama jikinsa. Bulus bai ce Yesu ya mutu ni na wuce abina ba, cewa ya yi an gicciye ni tare da Almasihu, Galatiyawa 2:20. Mai laifin bai tsira yadda yake ba, tsohon mutumin ya mutu a can.

Kuma ina roƙon masu wa'azi mu daina zana Uba kamar maigida mai zafin rai da bulala, Ɗa kuma ya shiga tsakani yana ba da haƙuri. Yahaya 3:16 ta fara ne da ƙaunar Uba. Na taɓa jin wani yaro ya ce yana son Yesu amma yana tsoron Babansa. Laifin bakinmu ne.

Ladi_Kongo
Na gode Baba Fasto. Na farkon ya taimaka. Na ukun sai na zauna da shi, don kotun duniya ba ta san irin wannan haɗuwar ba.

Malam_Nura_TudunWada
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, abokin aikina ya sa ni a zauren nan tun lokacin rasuwar mahaifiyarsa, ban taɓa magana ba sai yau. Tambayar yarinyar nan ita ce tambayarmu. A wurinmu Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Suratun Nisa'i aya 157. Kuma Alƙur'ani ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, An'am aya 164. Annabi Adamu ya tuba, Allah ya karɓi tubarsa. Ko layya da muke yi, Suratul Hajji aya 37 ta ce namanta da jininta ba sa isa ga Allah, taƙawa ce ke isa. Misalin Baba ya taɓa ni, amma Baba ya sayar da babur ne don shi mutum ne mai iyaka. Allah mawadaci ne, ba abin da ke raguwa a taskarsa in ya yafe. Ba gardama na zo yi ba, so nake in ji yadda kuke amsa wannan.

Sunday_Basawa
Wannan zaure na masu bi ne fa.

Baba_Kufena
Sunday, baƙo da sallama ya shigo, da ladabi ya yi magana. Malam Nura, wa alaikumus salam, sannu da zuwa. Mu a Wusasa haka muka taso, gida ɗaya za ka sami mai zuwa masallaci da mai zuwa majami'a. Tsohon cocinmu na St. Bartholomew da ƙasa aka gina shi, ginin Hausa, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda Likita Mila, Baturen mishan, ya yi aiki a kansa, kalmomin da ku ma kuka sani ya ɗauka: hadaya, kafara, fansa, tuba. Don haka muna jin juna ko da ba mu yarda da juna ba.

Gaskiyarka, taskar Allah ba ta raguwa. Amma abin da zunubi ya ɓata ba dukiyarsa ba ce. Mutane ne. Marayan da aka cinye wa gado, yarinyar da aka lalata, wanda aka kashe a hanya. In Allah ya ce wa azzalumi wuce kawai, me zai ce wa wanda aka zalunta? Mu mun gaskata a gicciye Allah ya nuna zunubi ba ƙaramin abu ba ne, kuma a wuri ɗaya ya buɗe wa mai zunubi ƙofa. Romawa 3:26 ta ce domin ya zama mai adalci, kuma mai kuɓutar da wanda ya gaskata. Labarin Ibrahim muna da shi a Farawa 22, mu muna cewa Ishaku, ku kuna cewa Isma'ila. Abin da na riƙe a ciki shi ne ragon ba daga garken Ibrahim ya fito ba. Allah ne ya tanada.

Malam_Nura_TudunWada
Na gode Baba, Allah ya ja kwana. A wurinmu ma haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe ko a biya shi ranar hisabi. A nan mun kusa. Inda muka rabu shi ne wanda zai biya. Zan ci gaba da saurare.

Dokta_Bulus
Tarihi nake koyarwa, bari in sa baki ta wannan gefen. Mun saba ganin gicciye a sarƙar wuya da saman coci har mun manta mene ne. Hukuncin Romawa ne na bayi da 'yan tawaye. Bayan tawayen bayi na Spartakus, a shekara ta 71 kafin haihuwar Almasihu, mutum wajen 6,000 aka gicciye a bakin hanyar da ta tashi daga Kapuwa zuwa Roma. A bakin hanya ake yi da gangan, a tuɓe mutum, don kowa ya gani ya ji tsoro. A 1968 an tono ƙasusuwan wani mutum a Urushalima, ƙusa tana nan cake a ƙashin diddigensa. Ga Bayahude kuma abin ya fi muni, don Maimaitawar Shari'a 21:23 ta ce wanda aka rataye a itace la'ananne ne. Shi ya sa Bulus ya ce gicciye abin tuntuɓe ne ga Yahudawa, wauta ga al'ummai. Ba wanda zai zauna ya ƙago wa addininsa irin wannan alama don ya sami mabiya.

Game da tambayar Ladi, ikkilisiya ba da hoto ɗaya ta yi bayani ba. Akwai fansa, Markus 10:45. Kakanninmu a ƙasar Zazzau sun san wannan kalmar da jikinsu: bawa yana biyan murgu ga ubangijinsa don ya yi aikin kansa, yana tara abin da zai fanshi kansa, ko dangi su zo su fanshe shi. Wasu malaman farko sun tambaya, to wa aka biya? Wasu suka ce Shaiɗan. Anselm na Kantabari, wajen 1098, ya ƙi wannan, ya ce Shaiɗan ba shi da haƙƙin komai, girman Allah aka taɓa, mutum ne ya kamata ya biya, Allah ne kaɗai zai iya, don haka sai wanda yake Allah kuma mutum. Akwai kuma hoton nasara, Kolosiyawa 2:15, ya kwance wa masu iko ɗamara. Ni a ganina wannan na ƙarshen ya fi shiga zuciyar mutanenmu na karkara da suka fito daga tsoron iskoki da sammu, amma shi kaɗai ba ya amsa lamirin da ke damun mutum da dare.

Monday_Muchiya
Mu Katolika duk Juma'a cikin azumi muna Hanyar Gicciye, tasha 14. Ta biyar ita ce Saminu Bakurane da aka tilasta ya ɗauki gicciyen. Kurane a Libiya take, wato mutumin Afirka ne ya taya shi ɗauka. Malama ki gaya wa yaran wannan. Kuma ina so in gyara wani abu da ake yawan faɗa mana, wai mun bar Yesu a kan gicciye don ba mu yarda ya tashi ba. Mun yarda ƙwarai. Muna barin siffarsa ne don kada ido ya manta abin da aka biya.

Rifkatu_Hanwa
Mu kuma namu ba kowa a kai don kabarin ma ba kowa. 1 Korantiyawa 15:17, in Almasihu bai tashi ba har yanzu kuna cikin zunubanku. Amma abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Akwai masu rataya wa jariri gicciye kamar laya, ko su sa a ƙarƙashin matashi don maganin mayu. An canza fata ne kawai aka sa ƙarfe.

Monday_Muchiya
A nan bakinmu ɗaya, Yaya Rifkatu. Fada ma yana faɗa a kan haka.

Maman_Godiya
Tun da an taɓo ɗaukar gicciye, ni ina da ciwo a kan kalmar nan. Ƙanwata ta yi shekara shida mijinta yana dukanta. Duk lokacin da ta kawo ƙara sai manyan mata su ce yi haƙuri, gicciyenki ke nan, ki ɗauka. Sai da ta rasa ji a kunne ɗaya kafin babanmu ya je ya ɗauko ta. Yesu da kansa ya ba da ransa, ba wanda ya ƙwace, Fasto ya faɗa a sama. Kuma ya sha wahalar ne don a kuɓutar da mutane. Wa dukan ƙanwata ya kuɓutar? Ina roƙon shugabannin zumuntar mata mu daina sa wa mugunta sunan gicciye.

Fasto_Ishaya
Mama, gaskiya kika faɗa, kuma ya kamata mu ji kunya. Luka 9:23 maganar bin Yesu ce da musun kai, ba izini ba ne ga mai duka. A Yahaya 18:23, da aka mare shi, ya tambaya don me ka mare ni. Afisawa 5:25 kuwa miji ta ɗora wa mutuwa saboda matarsa, ba matar ba. Ki gaishe mini da ita.

Kaka_Hannatu
Jikata ce take rubuta mini, idona ya yi rauni. A watan Maris 1987, rikicin da ya tashi daga Kafanchan ya iso Zariya, aka ƙone coci-coci da yawa, har da wanda aka ɗaura mini aure a ciki. Na ga fuskar wani yaro a cikin masu ƙonawar, na san uwarsa, tare muke sayen hatsi a kasuwar Sabon Gari. Kuma wani maƙwabcinmu Musulmi ne ya ɓoye ni da 'ya'yana a ɗakin matarsa kwana biyu, Allah ya jiƙansa. Ista ta zo bayan 'yan makonni, muka yi sujada a fili cikin toka. Aka karanta, ya Uba ka gafarta musu don ba su san abin da suke yi ba. Na ce a raina wannan ya sani sarai. Shekara uku ina canza layi a kasuwa don kada in haɗu da uwarsa. Ranar da na tsaya na gaishe ta, na koma gida na kwanta kamar an yi mini duka. Ba wanda ya biya ni komai, ni na haɗiye. Saratu, ban iya bayanin malamai ba. Na dai san yafiya tana da zafi a jikin mai yinta, kuma tawa ta mutum ɗaya ce.

Malam_Nura_TudunWada
Kaka, Allah ya saka miki da alheri. Ina ɗan shekara bakwai lokacin, na tuna hayaƙin.

Ladi_Kongo
Kaka ta sa ni kuka. Har yanzu ina da saura a tambayata, musamman kalmar fushin Allah a Romawa 5:9, yadda za a faɗe ta ba tare da an koma hoton maigida mai bulala ba. Baba Fasto, in ka sami lokaci.

Fasto_Ishaya
Zan rubuta bayan sujadar Juma'a, 'yata. Kafin nan ki karanta aya 8 da 9 tare, kada ki raba su.

Danladi_PZ
Ladi, na yi saurin magana ɗazu. Ki yafe.

Malama_Saratu
Na dawo da labari. Yau na tambaye ta wa ya sayi sabon fulas. Ta yi shiru, sannan ta ce ba a saya ba, babu kuɗi. Mama ce take tashi da asuba tana hura gawayi ta dafa wa ƙaninta ruwan wanka, tun watan Janairu, cikin sanyin nan. Ta ce ba ta taɓa haɗa abin da fulas ɗin ba sai yanzu. Na buɗe musu 1 Bitrus 2:24 muka karanta tare, na nuna musu labulen kamar yadda Katikis ya ce. Da aka tashi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malama, to da Yesu ya ce Allahna don me ka yashe ni, Uban ma ya ji zafi?" Ban amsa ba. Katikis Luka, ko za ka iya zuwa ajinmu Lahadi mai zuwa? Ƙarfe takwas muke farawa.

Katikis_Luka
Zan zo in Ubangiji ya yarda. Ki ce su karanta Zabura 22, inda kalmomin nan na Yesu suka fito, tun daga farko har ƙarshe kafin ranar, ita ma yarinyar ta zo da mamanta in za ta iya.